Babi na Biyar: Cinyar Uwa Ba Kujerar Mota Ba Ce

Tafiyar farko da yawancin 'ya'yan birni suke yi a duniya ita ce daga asibiti zuwa gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin haihuwa da hantsi, lokacin sallamar masu jego, ya san yadda ake yin ta. Maigida ya kawo mota, tasa ko ta aro. An naɗe jariri cikin shawul, an sa masa hula da safa. Sai a miƙa shi ga wadda ta fi kowa girma a cikin 'yan rakiya, kakarsa ko gwaggon ubansa, a buɗe mata ƙofar gaba, domin gidan gaba na manya ne. Mai jego ta lallaɓa ta shiga baya, tsakanin fulas ɗin ruwan zafi da kwandon kaya da ƙannenta biyu. A yi bisimilla, a tayar da mota. Duk abin da aka yi a wurin nan ƙauna ce ta sa aka yi shi. Amma wanda ya san abin da ke faruwa a cikin mota lokacin karo zai gaya maka cewa an ɗauki wanda ya fi kowa rauni an kai shi wurin da ya fi ko'ina hatsari, an damƙa shi a hannun da ba zai iya riƙe shi ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce mota tana tafiya a kan kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, irin gudun da mu muke kira a hankali. Duk abin da ke cikinta a kan 50 ɗin yake tafiya: direba, fasinja, fulas, jariri. Idan ta daki bayan tifa ko ginshiƙin gada, ƙarfen motar ya tsaya cikin ƙiftawar ido, amma abin da ba a ɗaure ba bai tsaya ba. Zai ci gaba da tafiyarsa har sai ya gamu da abin da zai tare shi, gilashi ko dashbod ko kwalta. Ƙarfin wannan bugu daidai yake da na faɗowa daga tsayin mita 10. A cikin wannan ɗan lokaci nauyin jiki yakan ninka har kusan sau talatin. Yaro mai kilo 10, ɗan shekara guda ke nan, sai ya koma kamar buhun shinkafa shida a hannun mai riƙe da shi, kuma fizge su za a yi a lokaci ɗaya ba tare da an ce mata ta shirya ba. Babu macen da ke da wannan damtse, babu namijin da ke da shi.

In mai riƙon ba ta ɗaura bel ba, ita ma gaba za ta yi, yaron ya shiga tsakaninta da dashbod, nauyinta ya danne shi. In kuwa ta ja bel ɗin ta zagaye kanta da yaron tare, kamar yadda wasu ke yi da kyakkyawar niyya, to jikinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Ga kuma jakar iskar nan da ke ɓoye a cikin dashbod, wadda take fashewa ta fito da gudun da yakan kai kilomita 300 a awa. Don ƙirjin babban mutum mai ɗaure da bel aka ƙera ta, kan jariri ba zai ɗauki bugunta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 hatsarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ke da mafi munin kaso idan aka auna da yawan jama'a, alhali motocinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ƙirga mamata sama da 5,000 a shekara, kuma waɗanda labarinsu ya kai gare ta ke nan. Wanda ya cika a gida bayan kwana uku, aka yi masa sutura kafin azahar, sau da yawa ba ya shiga lissafin kowa. Hukumar Lafiyar dai ta ce kujerar yara da aka ɗaura daidai tana iya rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin 100, bel kuma yana rage ta manya da kusan rabi.

Ni daga bakin yayata na fara jin wannan magana, ba daga takarda ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a sashen da ake kawo waɗanda suka yi hatsari. Ina da cikin fari ta ga na shiga mota, ta leƙo ta taga ta gyara mini bel da hannunta: igiyar ƙasa ta sauko da ita ƙarƙashin ciki ta kwantar a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta bi da ita ta tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗa. Ta ce, "Ƙanwata, masu cewa bel yana matse ciki ba su ga abin da sitiyari ke yi wa ciki ba. Ni na gani." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin in haihu ta aiko mini da kujerar da ta yi wa 'ya'yanta amfani, a wanke, a naɗe cikin leda.

Samun kujerar shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne abin da littattafan kiyaye haɗurra ba su sani ba, domin ba a ƙasarmu aka rubuta su ba, wato kunyar ɗan fari. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yarinyar kirki ba ta nuna zumuɗi a kan ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka a gaban surukai ba ta zabura ta ɗauke shi sai an ce ta ɗauka. Ɗan na kakanninsa ne da gwaggwanninsa. Ina ganin kyan wannan al'ada, domin tana koya wa uwa cewa ɗa na kowa ne, tana kuma tara wa yaro hannuwa masu yawa da za su tallafe shi. Amma ki duba inda take ajiye mai jego a bakin mota. Uwar mijinki ta miƙo hannu ta ce a ba ta jikanta, ta nufi gidan gaba. Ke da ko sunan yaron ba ki faɗa a gabanta, da wane baki za ki ce mata a'a? In kin yi magana an ce 'yar boko ce, ba ta da kara, tana nuna ta fi waɗanda suka raini goma sanin raino. In kin yi shiru, kin san abin da kika sani. Na tabbata mata da yawa sun san hatsarin sarai, kunya ce ta rufe musu baki, kuma wannan kunyar ba laifinsu ba ce.

Ranar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta fara ganin kujerar a bayan mota, tsayawa ta yi tana kallonta. Ta ce, "Yanzu ɗaure mini maigidan nawa za ku yi? Kuma ku juya masa ƙeya, ko hanya ba zai gani ba?" Na sunkuyar da kai, domin amsar ba tawa ba ce. Tun da dare mun riga mun yi maganar da ɗanta, shi ya amsa. Ya ce, "Hajiya, ai sarki ma a baya yake zama, direba ne a gaba. Ki shiga kusa da angon naki, ke za ki lura mana da shi. In ya motsa ke za ki fara gani." Ta yi dariya ta shiga baya, ta ɗora hannu a gefen kujerar, har muka isa tana yi masa kirari. Daga ranar wurin zamanta ke nan, kuma ita ce take tambaya ko an ja igiyar ta kama sosai. Ba a ƙwace mata girmanta ba, wuri aka sauya masa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, irin wannan magana a gidan Bahaushe ɗa ne ya kamata ya gaya wa mahaifiyarsa, kuma a gama ta tun a ɗaki, kada a bari sai an zo bakin mota a gaban jama'a.

Tambayar Hajiya game da juya ƙeya tana da amsa mai kyau. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Idan yana fuskantar gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe jikin, kan ya yi gaba da ƙarfi, wuyan ya ɗauki nauyin duka. Idan yana fuskantar baya, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wani farfesa a ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine lokacin da roka za ta tashi da su. Har yau a ƙasar tasu yara sukan zauna suna kallon baya sai sun kai wajen shekara huɗu. Daga can ne kuma bel ɗin da muke gani a kowace mota ya fito: Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo, ya ƙera shi a 1959, kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta.

Doka ma tana tare da mai jego, ko da ba ta sani ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Tun ranar 1 ga Janairu 2003 ta fara tilasta ɗaura bel, kuma ƙa'idarta ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama, a ɗaure. Sai dai yadda muke bin dokar kowa ya sani: direba ya hango jami'an hukumar a gaba, ya jawo bel ya rataya a kafaɗa, ya wuce su ya saki. Na baya kuwa ba wanda yake tuna akwai bel a wurinsu, a motoci da yawa ma an tura shi ƙarƙashin kujera an rufe da leda. Alhali babba da ke zaune a baya ba ɗauri, in an yi karo, shi ne zai afka kan na gabansa ko kan yaron da ke gefensa.

Kuɗin kujera sabuwa ba kowane gida ne zai iya ba, balle tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi. Amma ana samun ta gwanjo a wurin masu kayan jarirai na hannu, kuma kujera ɗaya takan raini yaran gida uku in an riƙe ta da kyau. Mai sayen ta gwanjo ta duba roba ko ta tsage, ta duba igiya ko ta zare, ta danna maɓallin ta ji ya kama da ƙara. Wadda aka san an taɓa yin hatsari da ita a bar ta, ko da ido bai ga komai ba. In an zaunar da yaro a ja igiyar har sai yatsu sun kasa tsunkuno ta a kafaɗarsa. Lokacin hunturu kada a ɗaure shi a kan rigar sanyi mai kauri, domin auduga takan lotsa igiya ta yi sako-sako. A ɗaure shi tukuna, sannan a lulluɓa masa bargo a sama. In ya girma ya fi ƙarfin kujerar, akwai 'yar matashiyar da ke ɗaga shi don bel ɗin manya ya bi ta kafaɗarsa da cinyarsa maimakon wuya da ciki. Yaro ba ya isa bel ɗin manya shi kaɗai sai tsayinsa ya kai tsakanin santimita 135 da 150.

Zai yi kuka, wannan babu makawa, kuma a nan ne yawancinmu muke karaya. Kukan jaririnki a bayanki, hannunki a kan sitiyari, ga cunkoson Kofar Nasarawa ko na Kurna, ga 'yan a daidaita sahu suna kutsowa ta hagu da dama, ba ƙaramin gwaji ba ne. Zuciya tana cewa ki waiga, ki miƙa hannu ki jijjiga shi. A kan babbar hanya, motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Waigen daƙiƙa biyu ya ishe ki shafe fiye da mita 50 ba ki ga gabanki ba. Abin yi guda ne: ki sa sigina, ki sami wuri mai kyau ki tsaya, ki ciro shi ki ba shi nono, ki mayar da shi, ki ci gaba. Shayarwa a cikin mota tana tafiya, ko wani ne ke tuƙi, ita ce riƙon cinyar nan da muka fara da shi. Yaron da aka saba masa tun yana jariri yakan ɗauki kujerar a matsayin wurinsa. Nawa yanzu da kansa yake hawa, in ba a ɗaure shi ba ya yi ta nuna igiyar.

Na san da yawa daga masu karanta wannan babi ba su da mota a gida, kuma ba na son su ji kamar maganar ta masu hali ce. Matan Kano a cikin a daidaita sahu muke rayuwa. Gwamnatin jiha ce ta fara kawo shi a tsakiyar shekarun 2000 don ɗaukar mata, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 kuma sai ya zama shi ne abin hawan kowa. Ba shi da ƙofa, ba shi da bel, ƙafa uku gare shi, kwana da gudu takan kifar da shi. Duk da haka akwai abin da uwa za ta iya. Kada ta zauna da goyo a baya, domin in aka taka burki ko aka dako su ta baya, yaron ne tsakaninta da ƙarfe. Ta kwance shi ta dawo da shi gaba kafin ta shiga. Yara su zauna a tsakiya, babba a bakin ƙofa. Kada ta yarda a ɗora mata yaro a gefen direba don a sami wurin ƙarin fasinja. Ta tattare hijabi da bakin zani ta danne, domin mayafin da ke kaɗawa a waje taya ko wani abin hawa yana iya kama shi, kuma a kan babur ya sha jawo mata ƙasa da goyonsu. In za a sauka, uwa ta fara sauka ta ɓangaren da ba motoci, sannan ta sauko da yaran, ta kama wuyan hannunsu, domin tafin hannun yaro yana zamewa.

Sai kuma maganar baki, wadda ita ce makamin fasinja. Yawancin 'yan sahu yara ne, wasu ƙannenmu ne a haife. Ban ga abin kunya ba a ce, "Ɗan'uwa, don Allah sassauta, da yara nake." Na lura in aka faɗa tun kafin a tashi, da murya mai taushi, sun fi ji. Wanda ya ƙi, a ce ya tsaya, a biya shi kuɗin inda aka zo, a sauka. Asarar ɗari biyu ce.

Doguwar tafiya ita ce ta fi tayar mini da hankali, musamman ta sallah da ta biki. Daga Kano zuwa Kaduna kilomita 230 ne ko kusa da haka, ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari da Zariya da Jaji. Tun da aka gyara wannan ɓangare na hanyar, ramuka sun ragu, gudu ya ƙaru. A tasha, motar da aka ƙera don mutum huɗu ban da direba takan ɗauki shida, biyu a gaba huɗu a baya, yara kuwa ba a ƙirga su domin ba a biya musu, a cinya suke tafiya. Ban zargi uwar da ta ɗora 'ya'ya biyu a cinya don kuɗin kujera uku ya fi ƙarfinta ba. Amma wadda Allah ya hore wa, kuɗin kujerar yaro ya fi kuɗin ankon bikin da za ta je amfani. A zaɓi motar safe, a guji ta dare. A dubi direban da ido: wanda idanunsa suka yi ja, ya kwana a hanya yana son ya juya don ya sami lodi na biyu, ba abokin tafiya ba ne. A ƙarshen Mayun 2025 motar da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga gadar Dakatsalle a kan wannan hanya, matasa sama da ashirin suka rasu, saura kaɗan su iso gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mai yiwuwa gajiyar tafiyar dare da gudu ne sanadi. Allah ya jiƙansu.

A cikin irin wannan mota, in direba ya fara gudun wuce sa'a ko yana shan gaban tirela a kan kwana, sai ka ga kowa ya yi tsit, maza suna danna waya, mata suna salati a ciki. In mace ta yi magana, wani fasinjan ne ma zai ce, "Hajiya, ƙyale shi, sauri muke yi." Ni dai ina magana, kuma ina yi da ladabi: "Malam direba, a yi mana a hankali, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Sau da yawa da zarar mutum ɗaya ya buɗe baki sai biyu su mara masa baya, ashe kowa tsoron yake ji, jira yake wani ya fara. Masana sun auna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a kan gudu yana ƙara yiwuwar hatsarin da za a mutu da kusan kashi 4. Abin da direban zai samu in ya ƙara wuta daga Zariya zuwa Kano bai wuce 'yan mintoci ba.

In motar gida ce, uwa tana da hakkin ta san lafiyarta, ko ba ita ke tuƙi ba. Taya ita ce farko. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma tayoyin gwanjo da yawa sun tsufa tun kafin su sauka daga jirgin ruwa, ko da zanensu bai goge ba. Kwaltar watan Afrilu da lodi da gudu su ne ke fasa irinsu. A biya wurin mai faci a auna iska da safe kafin tayar ta yi zafi. A jikin gefen ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da in an tura shi ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san da shi ba. Kaya masu nauyi, tukunyar gas ko kular abinci, a but suke zama. Lambar gaggawa ta hukumar ita ce 122, kyauta ake kira.

Akwai hatsarin da ba ya bukatar a hau titi. Maigida ya dawo, an buɗe get, yara sun ruga suna oyoyo. Ko da safe ya shiga mota zai yi ribas, mai rarrafe ya biyo shi ba wanda ya lura. Direba ba ya ganin abin da ke dab da bayan mota in gajere ne, madubi ba ya nuna shi. A gidanmu mota ba ta motsi sai an ƙirga yara an ga kowa a hannun babba. Sai zafi. A bazarar Kano, da zafin waje ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe yakan ƙaru da wajen digiri 10 cikin minti goma, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. "Bari in shiga in fito, barci yake yi" magana ce da bai kamata ta fito daga bakin kowa ba, ko an sassauta gilashi. Matattun motocin da ake yasarwa a lunguna su ma tarko ne. A Disambar 2021 an tsinci gawar yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas, sun shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Mai mota ya kulle ta ko a cikin gida take, ya ɗauke makullin daga inda hannun yaro zai kai. In yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba motoci da rijiyoyi kafin a tafi cigiya.

Duk inda na yi wannan magana sai an ce mini, "Ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa." Na yi imani da haka, kuma ba na tayar da mota sai na yi addu'ar hawa, 'ya'yana ma da ita suka buɗe baki. Amma wadda ta gaya mini haka tana kwantar da ɗanta a gidan sauro, tana kai shi rigakafi, tana rufe rijiya, tana ɗauke shi daga bakin murhu. Ba ta taɓa cewa ƙaddara ta bar shi ya rarrafa cikin wuta ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma ɗa amana ne da za a tambaye mu a kansa. Mota ce kawai muka ware muka ce a cikinta babu sababi, ina jin don ba mu gaje ta daga iyayenmu da ƙa'idojinta ba kamar yadda muka gaji rijiya da murhu. Kakanninmu ba su bar mana tarbiyyar shiga mota da jariri ba domin ba su yi zamaninta ba. Mu ne za mu kafa ta.

Saboda haka roƙona ga maza ne da iyayenmu mata. Maigida, kai ne kake da bakin da za ka yi wa mahaifiyarka da yayyenka bayani ba a ce ka yi rashin kunya ba. Kada ka bar wa matarka wannan nauyi, kuma ka fara ɗaura naka bel ɗin, domin yara abin da suka gani suke yi. Iyayenmu, in kun ga surukarku ta sunkuyar da kai tana kallon kujerar nan ba ta ce komai ba, ku taimake ta ku ce a sa yaron a ciki, daga bakinku maganar ta fi nauyi. 'Yan'uwa da ƙawaye masu haɗa kuɗin barka, atamfa da sabulu sun yi yawa a ɗakin mai jego. In gidan akwai mota, ku haɗa ku saya mata kujerar yaro, in ya girma ta miƙa wa ta bayanta.